Harshen da Yaya ta koya a ɗakin guga

Shekara goma sha tara Yayata ta yi tana guga a ƙasan wani otal a ƙasar waje, ɗakin da ba taga, sai tururi da ƙugin injin wanki. A nan ta koyi Sifaniyanci, in har za a kira shi koyo. Malamarta shugabar aiki ce, wata busasshiyar mata da bakinta bai san roƙo ba. Ven, zo. Trae, kawo. Dobla, ninke. Calla, yi shiru. Yaya ta haddace su tsaf har da tsawar, don a zatonta haka harshen yake.

Ɗanta guda ne, muna ce masa Dogo. Tun yana rarrafe take kai shi gidan raino da sassafe. Ya tashi da Sifaniyanci a baki, Hausarsa ba ta wuce "na ƙoshi" ba. In ta yi masa Hausa ya ɗaga kafaɗa, sai ta koma ga Sifaniyancin da take da shi. Matar da ke goge masa riga sau biyu kafin ya sa, a kunnensa ba ta taɓa yin komai ba sai umarni.

Na sha gaya mata, "Yaya, yaron nan fa ba zanin gado ba ne."

"To da wane bakin zan yi masa? Wanda suka ba ni ke nan."

Haushi ya kama ni, amma gaskiyarta.

Da ya cika ashirin ya haɗa jaka, wai ya sami aiki a wani gari. Yaya ta tsaya bakin ƙofa da hannuwanta masu tabon ƙuna. Ta yi masa doguwar magana da Hausa, ta ce shi kaɗai gare ta, ta ce ya yafe mata. Ni na yi kuka, shi yana duba waya. Na buɗe baki zan fassara, ya ce ya gaji da 'yar aike tsakaninsa da uwarsa.

Da ya kama matakala ta laluba cikin kalmominta, ta ɗauko wadda ta fi kusa. "Ven!" Muryar shugabar aiki ce ta fito sak. Bai waiwayo ba.

Bayan mako guda ta ce in koya mata yadda ake cewa "yafe mini". Na koya mata, perdóname. Shekara uku ke nan tana maimaitawa a kan teburin guga, a hankali, don kada ta fito da tsawa. Ta iya yanzu. Shi kuwa tun watan farko ya canza lambar waya.