Kuɓewar Anti Rakiya a Saman Soro

Duk wanda ya ce maka Makka ba ta da yanayi sai zafi, to Umra ya zo ya koma, bai zauna ba. 'Yan uwanmu na Kano har gobe haka suke faɗa, ni dai na gaji da gyara musu. A wurinsu da kaka ruwa yake ɗaukewa, a yi girbi a shiga shanya. Mu kuwa a nan, da kaka muke fara ɗaga kai muna duban sama.

Ina aji huɗu na firamare, wata Talata a farkon Nuwamba, muna tsohon gidan Sitti, kakata ta wajen uba, a unguwar Misfala. A ɗakin ƙasa akwai Anti Rakiya, matar wani ɗalibi daga Zariya, sabuwar zuwa, kullum cikin kewar gida. Ta sayo ɗanyar kuɓewa himili guda a kasuwar Ka'akiyya, mu yaran gidan muka taya ta yankawa har yatsunmu suka yi yauƙi, ta baza ta a kan tabarmi a saman soro, inda muke wasan 'yar gala-gala tsakanin igiyoyin shanya. Miyarta ta shekara ke nan, kuma ita kaɗai ce take sa ta ci tuwo ba da ƙwalla ba. Sitti ta hau da ƙyar, ta dubi wani baƙi-baƙi da ya taso ta wajen Ɗa'ifa, ta ce, "Rakiya, kwashe kayanki." Anti ta yi dariya. "Haba Hajiya, ruwa da kaka? A garin da ko damina ba shi da ita?"

Bayan la'asar iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya cika unguwa, kafin ka ce kwabo sama ta ɓalle. Sitti tana daga ƙasa tana ta "Yalla, yalla!" wato maza-maza, mu kuma muna kwasa da roba, da siket, da murfin tukunya, rabi kuma indararo ya tafi da shi. Lungunmu ya koma kogi, ruwa na gangarowa daga duwatsu ɗauke da silifas ɗin mutane. Anti ta zauna a matakala, jiƙe sharkaf. Sitti ba ta ce mata na faɗa miki ba. Ma'adus ta ɗora, shinkafa da adas, ɗan mitsitsin waken nan, da ake dafawa a Makka ranar ruwa, ta sa aka baza abin da ya tsira a ƙarƙashin fanka, ta tura wa Anti faranti ta ce, "A nan ana shanya ne da ido ɗaya a sama." Anti ta ci har da ƙari. Kuɓewar nan ta kai ta azumi.

Yanzu muna unguwar Shisha, a bene hawa na huɗu. Waya ce take sanar da mu hadari, a rufe makarantu, kowa ya ja labule. Soron ginin a kulle yake, ba komai a kai sai tankunan ruwa, Sitti kuma ƙafa ta ƙi. Ruwan bai canza ba, mu ne muka daina fita tarbarsa.

Makon nan an ce zafi da rana, hadari da yamma. Na riga na sayo adas, na karɓo mabuɗin soro a wurin mai gadi. In Allah ya kai mu, da iska ta juya zan sa yayyena su ɗauki Sitti da kujerarta su hau da ita. Wanda ya ce sanyi zai kama ta, ya riƙo mata bargo.