Kwanon Inna a Tandabawi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da mahaifiyata, da jaka guda cike da kuka da daddawa da garin tuwo. Umara ce ta kai mu, amma kowa a gidanmu ya san abin da ke ran Inna. A Makka aka haife ta, aure ya kawo ta Kano, ta bar ƙaninta a can. Lambar wayarsa ta daɗe da daina shiga, ga jikinta yana ta ja da baya.

Daga Jidda muka hau tasi, hanya sumul, kuɗin kuwa sai da na yi salati. Tun a mota Inna ta kafe cewa ba za ta kwana a otal ba. A otal, in ji ta, ba wanda ya san wani. Tandabawi za mu, tsohuwar unguwarsu kusa da Harami, mu kama haya cikin mutane.

Wani dillali, Bahaushen Chadi, ya kai mu wani tsohon gidan dutse mai hawa-hawa da tagogin katako masu sassaƙa. Ɗaki biyu da kicin a sama, a kuɗin da ko rabin na otal bai kai ba. Na riƙa hura hanci wai na iya ciniki, na manta araha ba ta ado. Na ga wani jan rubutu a bangon gidan, ban tambaya ba. Famfo sai ya ga dama, matakala kuwa sai na goya Inna.

Da muka gama Umara, na sayo mana wake da gurasa mai zafi a bakin titi, Inna ko kallo ba ta yi ba. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba a kwanukan da ta taho da su. A saninta, baƙo a unguwa abinci yake aikawa maƙwabta, kwano ba ya dawowa haka nan, kuma da shi labari ke dawowa. Ta haka za ta samo ƙaninta.

Na ɗauki tire na bi ƙofa-ƙofa. Kowace ƙofa a rufe: kwaɗo, kwaɗo, kwaɗo. Na fita layin, nan ma haka, sai kyanwoyi. A ƙarshen layin gidajen suka ƙare, sai fili da tarin duwatsu da motocin rusau. Tuwon ya huce a hannuna, zuciyata ta karye.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe, wata tsohuwa ta leƙo. Da ta ji ƙamshin daddawa sai ta yi hawaye. Na tambaye ta jan rubutun.

"Ya waladi, izala ke nan, rushewa za a yi. Kowa ya tashi, halas, shi ke nan."

Ta hau har sama ta gaida Inna. Ta san ƙanin nata sarai. Ta ce shi ne na ƙarshe da ya bar layinsu, yana cewa yayarsa nan kaɗai ta sani, in ta zo ina za ta same shi? Sai da 'ya'yansa suka ɗauke shi da ƙarfi. Ina suka koma? Ba ta sani ba. Na zaga unguwar Hindawiyya da ke kusa ina tambaya har ƙafata ta kumbura, ban samu komai ba.

Ranar tafiya Inna ta sake cika kwano ɗaya ta ba tsohuwar.

"'Yar'uwa, ki riƙe. In ya zo, ki ce na yayarsa ne, ya dawo mini da shi."

Mun iso Kano lafiya, an sha zamzam, an ci dabino. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa tafiyar nan ta koya mini cewa ƙafar ma sai ta sami ƙofar da za ta tsaya, kuma mun makara. Makon jiya dillalin ya turo mini hoton layin, babu gini ko ɗaya a tsaye. Ban nuna wa Inna ba. Jiya ƙanwata ta ce za ta sayo wani kwano a cike gurbin wancan, Inna ta ce a bari, za a dawo da shi.