Takardar Koke Zuwa Ga Kausar

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san shagon Malam Rabe Kabo, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan lungu ne tsakanin mai tsire da wani Bangali mai gyaran fanka, faɗinsa bai wuce ka buɗe hannuwa biyu ba, amma takardun da suka fita daga cikinsa sun zagaye ofisoshin Makka kaf. Sana'arsa rubuta ma'arudi, wato takardar koke da ake kai wa hukuma. Matar da aka kama mijinta ba iƙama, wato takardar izinin zama, maginin da kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya riƙe wa fasfo, tsohon da ke neman gado a asibiti, duk wurinsa suke zuwa. Su zauna a benci su yi ta kame-kame da Hausa, shi kuma ya juya musu maganar zuwa Larabcin ofis mai sitati, irin wanda ma'aikaci zai karanta ya gyara zama.

Shekara talatin da uku ya yi yana wannan aiki, tun zamanin tafireta. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ko yana rubutu ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur, in babu kowa a benci kuma sai ya fito bakin ƙofa, ya koma, ya sake fitowa. Kullum cewa yake ofis ba ya karanta surutu, lamba yake so da kwanan wata da hatimi. Kuma gaskiyarsa ce, a ofis.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Mukhtaru, haihuwar Misfala, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Karatu ya kai shi Turkiyya, aiki ya wuce da shi Finland, can ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Saara. Malam Rabe ya ce bai yarda ba, ya daina ɗaukar wayarsa, ya kuma riƙe wannan fushi shekara goma sha biyu cur. A farkon 2014 mota ta zame da Mukhtaru a kan ƙanƙara. Can aka binne shi. Ya bar 'ya ɗaya, Kausar, mai shekara goma, wadda kakanninta ba su taɓa jin muryarta ba.

Hajiya Ruƙayyatu, matar Malam Rabe, ita ta hana shi sakat. Da safe jika, da rana jika, in ta ajiye masa abinci jika. Sai da ta bi ta hannun wani abokin marigayin ta samo adireshin imel na Saara, wadda ita take kira Saratu. Abokin ya ƙara da cewa yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, sai yaren ƙasarsu. Ruƙayyatu ta ajiye wa mijinta takardar adireshin ta ce mutumin da ya rubuta wa rabin Mansur wasiƙa ba zai ce ta jikarsa ta gagare shi ba. Ba ta san shi ma abin na cin sa ba, har ya fi ta. So yake yarinyar nan ta amsa masa, ko da layi ɗaya ne.

Ya yanke shawara da yarensu zai rubuta, don a iya saninsa kowace ƙofa da harshenta ake ƙwanƙwasa ta. Ya kira Idris, wani mutumin Maraɗi mai gyaran kwamfuta a Aziziyya. Idris ya nuna masa shafin da ke fassara Larabci zuwa Finlanci, kamar yadda Malam Rabe ya raɗa wa yaren, sannan ya sa masa mai duba rubutun yaren a cikin manhajar da yake buga takardu da ita. Jan layi kuskuren kalma ne, koren layi kuskuren jimla ko salo. Ya buɗe masa wani dogon jeri na 'yan akwatuna, kowanne da abin da na'ura za ta kama in an yi masa alama. Idris na ɗora wayarsa a kan allo yana karanto fassarar ɗaya bayan ɗaya: jimla mai tsawo, maimaita kalma, maganar kan titi, karin harshen ƙauye, tsofaffin kalmomi, kalmomin aro, ashar. Kowanne Malam Rabe sai ya ce a sa. Har suka zo kan wani akwati da Idris ya karanta sau biyu, ya ce wannan shi ke kama busasshen harshen ofis.

Malam Rabe ya cire tabarau. "Harshen ofis ne aibi? Halas, shi ke nan, bar wannan yadda yake. Ai shi nake nema."

Idris ya ɗaga kafaɗa ya bar akwatin babu alama. Shi gyaran kwamfuta ya sani.

Mako uku Malam Rabe ya yi yana fama. Ya rubuta da Larabci, ya fassara, ya liƙa a shafi, layuka su fito ja da kore. A Larabci ya san layin da ya kamata a saurara da wanda za a yi banza da shi, amma a yaren da ko kalma ɗaya ba ya iya karantawa ba shi da yadda zai bambanta, don haka ya bi su duka. In jimla ta ƙi wankuwa bayan gyara uku, sai ya share ta. Saƙon Ruƙayyatu cewa ta ajiye wa yarinyar 'yan kunne da turare haka ya tafi. Gaisuwar da ya jero ta tafi saboda maimaici. Sunan Mukhtaru ya ƙi rabuwa da jan layi, sai ya mayar da shi “marigayin”. Kausar ta koma “yarinyar da ake magana a kanta”. Abin da bai taɓa jawo layi ba shi ne irin jimlolin da hannunsa ya saba da su, don haka su suka rage.

Ranar da shafi ya fito fes, har shayi ya saya wa Bangalin maƙwabcinsa. Takarda ce mai take da lamba da kwanan wata. Ta ce bisa haƙƙin da kaka na wajen uba yake da shi a kan yarinyar, ana neman a ba da amsa cikin kwana talatin. Ya buga, ya sa hannu, ya danna hatimin shago, ya haɗa da kwafin iƙamarsa da takardar shaidar mutuwa, ya ɗauki hotonsu ya aika ta imel. A zuciyarsa ya girmama surukarsa girmamawar da ba ya yi wa kowa sai shugaban ma'aikata.

Daga nan zama ya ƙara gagararsa. Tsakanin mai koke da mai koke sai ya leƙa akwatin saƙo. In ya dawo daga masallaci kafin ya cire takalmi ya leƙa. Da kwana talatin suka cika ya yi abin da ake yi wa ofishin da ya yi shiru, ya aika tunatarwa. Bayan wasu talatin ya aika ta biyu, ya rubuta “ta ƙarshe” a samanta. Sau biyu yana hawa mota zuwa Aziziyya ya tsare Idris cewa lalle akwai abin da ya lalata. Ya fara yawon da ba dalili, ya gangara Misfala ya tsaya a inda gidansu na dā yake, wanda yanzu otal ne, ya juyo. A gida ya ce wa Ruƙayyatu Turawa ba su san zumunci ba. Ita dai ta ce ya karanta mata abin da ya rubuta, ya ce ba abin da za ta gane ba ne. Wata takwas aka yi a haka, mutumin ya rame har wuyan jallabiyarsa ya yi masa yawa.

Bayan an sauko daga Mina a hajjin 2016, Idris ya yi masa waya. Ya ce a wani gini da yake gyara musu intanet akwai alhazai daga Finland, yawancinsu Somaliyawa. Malam Rabe ya ja ƙofar shago da rana tsaka, mutum biyu na zaune a benci, ya kwashi takardunsa uku ya tafi.

Wanda aka haɗa shi da shi sunansa Hassan, direban bas a Helsinki, shekararsa ashirin a can, kuma yana jin Larabci. A tsaye ya karanta, a zauren ginin, tsakanin akwatuna da jarkokin zamzam. Malam Rabe na kallon fuskarsa yana jiran yabo. Hassan ya gama ta ukun, ya naɗe takardun a hankali.

"Ya ammi, ƙarar ta ka kai kotu?"

Malam Rabe ya ce wace irin kotu, wasiƙar kaka ce zuwa ga jikarsa. Ya tambaya ko akwai kuskure a ciki. Hassan ya ce kuskure kaɗan ne, ba shi ne matsalar ba. Ya ce irin wannan takarda a can hukuma ce take aiko ta in za ta karɓe wa mutum wani abu. Mace mai 'ya ɗaya, mijinta ya mutu, ta buɗe saƙo daga wata ƙasa da hatimi da wa'adi da maganar haƙƙi a kan yarinya, babu ko sunan yarinyar a ciki, me za ta ɗauka? Ya ce shi da matarsa aka aiko wa wannan, da sun kwana a ofishin lauya.

Malam Rabe ya nemi wuri ya zauna a kan akwatin wani. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, sai kuma tsoro ya biyo baya, don ya gane da hannunsa ya rufe ƙofar da yake ƙwanƙwasawa.

Kwana biyu suka rage wa su Hassan su wuce Madina. Washegari bayan la'asar Hassan ya zo shagon ya zauna a kujerar Malam Rabe, ya ce ya faɗi abin da ke ransa shi zai buga. Malam Rabe ya gyara murya ya fara da cewa yana mai gabatar da wannan takarda. Hassan ya ɗauke hannu daga madannai. Malam Rabe ya sake farawa, ya sake faɗawa cikin ramin. Sau uku. Bakin ya saba, ba shi da wata hanya.

Ruƙayyatu, wadda ta biyo shi ran nan ba tare da ya gayyace ta ba, tana zaune a bencin masu koke. Ta ce, "Malam, kai ka mayar da Larabci kawai, kada ka ƙara kada ka rage."

Ta yi magana, yana fassarawa, Hassan na bugawa. Ta ce a gaya wa Kausar ubanta yana ƙarami tsoron kyanwa yake yi, har sai an raka shi ya wuce lungun Misfala. Ƙanzon shinkafa ya fi so fiye da shinkafar. In zai yi ƙarya sai ya ciji leɓensa na ƙasa, shi ya sa bai taɓa yin wadda ta ɗore ba. Sannan ta juya kan uwar.

"Ka ce wa Saratu ba mu zo karɓar ta ba. Wurin uwarta nan ne wurinta. Mu dai muna so mu san da wa take kama."

Allo ya cika da layuka, don Hassan Finlancin direbobi yake rubutawa. Malam Rabe ya ƙara jimla ɗaya tasa, cewa takardun baya kuskurensa ne shi kaɗai, yana neman gafara. Hassan ya aika yadda take.

Kwana goma sha tara kafin amsa ta zo, lokacin Hassan ya riga ya koma gida. Malam Rabe ya tura masa ta waya, ya yi ta kai da kawowa a bakin shago har saƙon muryar Hassan ɗauke da fassarar ya shigo. Ya kira Ruƙayyatu ta zo, suka saurara tare.

Saara ta ce da takarda ta farko ta iso, lauya ta nema. Ta gaya wa makaranta kada a ba kowa yarinyar sai ita. Kausar ta ji maganar a bakin manya, ta yi watanni ba ta yarda ta fita ita kaɗai. Saara ta ce yanzu ta fahimta, ba ta riƙe su ba, amma a ba su lokaci, kada a yi waya tukuna. Ta ce Kausar ta karanta saƙon kakarta sau uku, ta yi dariyar maganar kyanwa, kuma ita ma tana cizon leɓe. Ruƙayyatu ta rufe fuska da mayafi.

Hassan ya ci gaba. Ya ce yarinyar ta rubuta layi biyu da kanta a ƙasa, kuma kakanta namiji take tambaya. Ta ce ranar jana'iza babu kowa daga dangin babanta, ita kuma ta daɗe tana son ta sani.

"Ranar da aka gaya maka Babana ya mutu, ka yi kuka?"

Ruƙayyatu ta san amsar. Ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita. Ranar da labarin ya zo, azahar ya yi ya buɗe shago. Ma'arudi tara ya rubuta kafin magariba, masu ta'aziyya suka riƙa samun sa a bakin tebur yana ce musu daƙiƙa ɗaya.

Ya san hanya ɗari ta ba da amsar da ba e ba ce ba a'a ba, ai abincinsa ke nan. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora yatsu a kan madannai. Mai tsire ya leƙo zai yi masa magana, ya ga yadda kafaɗunsa ke girgiza, ya ja masa ƙofa ya koma. An daɗe kafin ya iya ganin haruffan. Sannan ya rubuta, ya fassara, ya aika.

"A'a, Kausar. Ranar ban yi ba, aiki na tafi. Yau na yi."