Layar Wuyan Yaya

Tun da aka haifi yayana leɓɓansa baƙaƙe ne, kamar wanda ya wuni yana cin ɗinya. Kan yatsunsa kuma a dunƙule. In ya yi taku ashirin sai ya tsuguna ya rungume gwiwa, ya huta, sannan ya tashi. A gidanmu ba wanda ya taɓa kiran wannan abu ciwo. Haka Allah ya yi shi, shi ke nan. Da haka ya kai shekara talatin yana ɗinki a unguwar Fadikpe ta Minna da keken hannu, don na ƙafa ya fi ƙarfinsa.

Ni ne na yi makaranta. Aji huɗu na tsaya, amma ya ishe ni in raina kowa. Ina rubuta lambar buhu a tashar jirgin ƙasa, da alƙalami a aljihun gaba. Akawu Yaya yake kirana.

"Akawu, zo karanta mana jikin gwangwanin nan, mu ga ko bulalar da ka sha ta yi amfani."

"Ka fara cire wannan jakar ta wuyanka tukuna," in ce masa.

Laya ce babba mai faɗi, fatar ta yi baƙi da gumi. Inna, mahaifiyarmu, ita ta rataya masa tun ban yi wayo ba. Kunyarta nake ji in muna tafe tare.

A shekarun yaƙi, wata damina, mura mai zafi ta shigo Minna. Gida-gida ta bi. Mutum ya kwanta kwana huɗu ya tashi. Ni ma na yi na tashi. Yaya kuwa a rana ta uku numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Inna tana Kagara wajen ƙanwarta da ta haihu. Na aika mata saƙo ta hannun direban wata babbar mota, na ɗora Yaya a amalanken maƙwabci da hantsi, muka tura shi asibiti.

Ɗakin cike yake, har ƙasa an shimfiɗa mutane. Wata nas ta zo sa masa rigar asibiti, ta ga layar.

"Cire wannan. Ba a kwana da shi nan."

Yaya ya damƙe ta da hannu biyu. Ya dube ni yana girgiza kai.

"Haba Yaya, ka bar ba mu kunya," na ce. Na karɓi almakashin nas na yanke igiyar da hannuna, na cusa layar a aljihu.

Likita ya zo, saurayi ne, idonsa ja don gajiya. Ya sa abin sauraro a ƙirjin, amma ƙarar huhun ta rufe komai. Ya tambaye ni ko yana da wani tsohon ciwo. Na gyara tsayuwa, na ba shi amsa da Turancina na aji huɗu, na ce babu, rago ne kawai tun yana yaro. Na ji daɗin yadda Turancin ya fita. Allah ya sani na ji daɗi.

Aka ce ciwon huhu ne irin na kowa. Aka yi masa allura, aka ɗaura ƙarin ruwa yana zuba da sauri. Tukunyar iska guda ce a ɗakin, ana zagayawa da ita gado-gado, aka ce ya jira layi. Shi kuma sai ƙoƙarin saukowa yake ya tsuguna, yadda ya saba samun numfashi duk rayuwarsa. Nas ta ce zai fizge allurar ruwan, a riƙe shi. Na danne kafaɗunsa a kan katifa.

"Akawu," ya ce, "sake ni."

Ban sake shi ba.

Washegari da azahar Inna ta iso, da laka har gwiwa. Ba ta gaishe ni ba, wuyansa ta duba.

"Ina takardar?"

"Wace takarda, Inna?"

"Ta wuyansa! Ka nuna wa likita?"

Na ciro layar. Ta karɓi reza wajen mai jinyar gadon kusa, ta farke ɗinkin. Ba rubutun malam ba ne a ciki. Takardar wani likita Bature ce da ya duba Yaya yana ɗan shekara shida. Ya ce wa Inna kada yaron ya rabu da ita, duk ranar da ya kwanta ciwo a nuna. Inna ba ta da akwati mai makulli, gara kuma ta cinye mata abubuwa da yawa, sai ta kai wa baduku ya ɗinke. Yaya ya sani. Ni ne ba a gaya wa ba, don ban taɓa tambaya ba, dariya kawai nake yi.

Na iya karanta kalmar zuciya, da kalmar rami. Na ruga na kai wa likita. Ya karanta, ya dube ni, ya taho da sauri. Ya tsayar da ruwan, ya sa aka ɗaga Yaya zaune aka naɗe masa gwiwa zuwa ƙirji, aka janyo tukunyar iskar aka bar masa shi kaɗai. Ya ce da ramin a zuciya aka haife shi, irin wannan zuciya ba ta jure mura mai kama huhu.

Kafin la'asar ya cika, a tsugune, kansa a kafaɗar Inna.

Likitan ya ce mini wataƙila ko an nuna takardar tun jiya ba za ta canja komai ba, ba su da kayan aikin. Wataƙila. Mutane ma sun ce kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma su ba su danne shi ba.

Inna ta yi shekara tara bayansa, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai in wasiƙa ta zo gidan, takan ɗauka ta wuce ni, ta kai wa ɗan maƙwabta ya karanta mata.