Bangon da Ya Sha Ruwa

Shekara arba'in da ɗaya Baba Shafi Biyu ya yi yana fentin gidajen mutane, kuma ba a banza ya samo sunan ba. Ko mai gida ya ce shafi ɗaya ya isa, sai ya faki idonsa ya ƙara na biyu. A wurinsa bangon da ake hango simintinsa ta ƙarƙashin fenti abin kunya ne, mai tsinka fenti da ruwa kuwa macuci ne, magana ta ƙare.

Sai ga shi Allah ya ba shi auta wadda ba ta da abin so kamar ta tsinka launi da ruwa ta shafa a takarda. Ranar da ta fara nuna masa zanenta, shekara shida ke nan, ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Auta, ai wannan ruwan wankin buroshi ne." Daga ranar ba ta sake nuna masa komai ba. Tana gaishe shi, tana tambayar ciwon ƙafarsa, amma hirarsu ta da ta mutu murus. Abin yana ci masa rai, bakinsa ne ya ƙi furtawa.

Da gidan baje kolin zane na yankinsu, wanda ya yi suna a kan irin wannan zanen ruwan, ya zaɓi aikinta, ta bakin uwarta ta gayyace shi. Uwar ta tsare shi a ƙofa yana sa takalmi.

"Malam, ka je ka kalla, ka dawo da bakinka a rufe. In ka sake yaɓa mata magana, ka rasa yarinyar nan ke nan."

Ya shiga gidan hannuwansa a baya, tun daga ɗakin farko takaici ya fara cinsa. Ga kwale-kwale an zana, an bar rabin takardar fari fat. Ga wata bishiya launi ya zubo mata har ƙasa, irin zubowar da ya sha korar ma'aikata a kanta, mutane kuma sun kewaye ta suna gyaɗa kai. Wata ma'aikaciyar gidan ta matso tana raɗa masa cewa farin da aka bari shi ne hasken zanen. Ya haɗiye amsar da ta taso masa. Ya matsa kusa ya gani da kyau, mai gadi ya ce ya koma bayan layin da ke ƙasa. Don ya huta sai ya koma kallon bango, nan ma bai tsira ba: sawun rolar shafa fenti ko'ina, layin silin ya karkace.

A ɗaki na uku hancinsa ya riga idonsa. Warin laima. Ya bi shi har lungun hagu, ya ga fenti ya ɗan kumbura. Ya ɗora tafin hannu, sanyi ƙalau. A daidai wurin aka rataye wani zane, ga sunan Auta a ƙasansa. Bai tsaya kallonsa ba, ya ɗaga firam ɗin zanen daga ƙusa ya rungume.

Mai gadi ya taho da sauri, ma'aikaciyar ta dafe ƙirji. Auta ta ratso mutane, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, in bai yi maka ba, ai da ka bari mu je gida."

"Wa ya ce miki bai yi ba? Ni ko ganinsa ban yi ba. Bangon nan ya sha ruwa, akwai bututun da ke yoyo a bayansa. Kafin sati biyu takardar nan ta yi funfuna."

Aka kira shugaban gidan, ya zo yana bayanin cewa watan jiya aka yi fentin. Baba Shafi Biyu ya ji kamar ya fashe. Ya danna kumburin da babban yatsa, fentin ya saluɓe, danshi ya fito yana ƙyalli. Shugaban ya aika a nemo wani wurin da za a rataye zanen. Ma'aikatan gidan suka miƙo hannu a ba su zanen, ya ce ba zai saki ba sai ya taɓa sabon bangon da kansa.

Yana tsaye yana jira ne ya juyo da firam ɗin. Wani mutum ne a kan tsani, ya ba da baya, bokiti rataye a gefensa. Rigarsa ba launi ko ɗigo, takardar ce kawai aka bari, amma ga ta nan riga sosai, har da lanƙwasar kafaɗa. Buroshin yana hannun hagu.

Ya daɗe yana kallo. Shekara arba'in da ɗaya yana aiki da hagu, ya yi wa ɗaruruwan gidaje fenti, bai tuna wanda ya taɓa lura ba. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Yaushe kika ga wannan?"

"Kullum, Baba. Ni nake riƙe maka tsanin ina ƙarama."

Ya share gilashin da gefen hannun rigarsa.

"Rigar nan," ya ce, "kada ki ƙara mata komai. Shafi ɗayan ma ba ta buƙata."