Dutsen da Na Shanya Kamar Gero

Tafiyar nan wahala ce zalla, har yau bayana bai saki ba.

Shanun huɗata na sayar na sayi dutsen tozali, wanda ake fitar da dalma a cikinsa. Alhaji Sale dillali ya ce in farfasa, in wanke, in shanya, in ajiye sai ya yi tsada, yadda ake yi wa gero a Dawanau. Na farfasa rabi, damina ta wuce a kansa. Ragowar na bar wa ƙanena Hadi, na ce kafin in dawo ya mai da shi gari.

Tsanyawa zuwa Jos

Bayan asuba na loda buhunan rabin da na farfasa a bayan a-kori-kura don kai wa masana'anta, na zauna a kansu. Shinge ya fi gari yawa. Kafin dajin Falgore wani mai kaki ya zunguri buhu da bakin bindiga.

"Baba, mene ne wannan?"

"Dutse."

"Dutse za ka kai Jos? Nasu ƙarewa ya yi?"

Har direba ya yi dariya. Ni ban yi ba. A tasha na kwana, da shayi da burodi busasshe.

Masana'anta

Malam Bitrus mai kula da inji ya ɗebi garin, ya zuba cikin ruwa da magani, ya kunna iska. Kumfa ce ke ɗauko dalma sama, yashi ya kwanta. Na wani mutum ya taso yana ƙyalli. Nawa kumfar ta taso fara fat.

"Malam, wa ya ce ka shanya? Ruwa da iska sun ci fuskarsa kamar tsatsa, magani ba ya kama shi. Da dunƙule ka bari, cikinsa lafiya lau yake."

Dunƙule! Ga Hadi can da guduma. Na kira, waya a kashe.

Komawa

Buhu ɗaya na ɗauko, sauran na bar musu. Duk fasinjan da ya ce a tsaya sai na yi faɗa da shi. Idan Hadi ya gama, ni da shanu har abada.

Da magariba na iso, na tarar da shi a kan tabarma.

"Yaya, ka yi haƙuri, wallahi ko ɗaya ban taɓa ba. Kafaɗa ce ke ciwo."

Tun da aka haife shi ban taɓa gode wa Allah a kan lalacinsa ba sai ranar.

Da gari ya waye na shigar da dunƙulallun ɗaki na rufe. Sannan na saɓi buhun nan, na juye shi a ƙofar shagon Alhaji Sale.

"Ga shi, Alhaji. Ajiye sai ya yi tsada."