Ranar da Adda Ta Kira Sunana

Idan aka ce in zaɓi rana ɗaya a rayuwata wadda ko tsufa ba zai goge min ita ba, ba ranar aurena zan zaɓa ba, ba kuma ranar da na karɓi digiri ba. Wata safiyar Litinin ce a garinmu Shinkafi, ina 'yar shekara goma sha biyar, alli yana hannuna. Abin da ya faru a safiyar nan ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni 'yar fari ce, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga wajen Jangeru. Duk wanda ya san mutanen nan ya riga ya gane yadda na tashi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ke nan, ita kuwa mahaifiyata ta riƙe ta hannu bibbiyu. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke kiranta. In za ta aike ni sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "yarinyar can". Duk hidimar makarantata a hannun Goggo take, yayar babana da ke aure a Moriki. Ita ce mai zuwa karɓar sakamako, ita ce mai rangaɗa guɗa in na zo ta ɗaya, ita ce mai cika wa mutane kunne da labarina har su gaji.

Tun ina firamare lissafi ya shiga raina. Takarda ba ta isata, don haka na mayar da bangon madafinmu allo. Ina hura wuta, ina zaro gawayi ina rubutu. Sau da yawa tuwo ya kama a tukunya ina can ina fama da wani lissafi, Adda ta zo ta karɓe muciya ba tare da ta dube ni ba. Ba ta taɓa cewa na yi kyau ba, ba ta kuma taɓa hana ni ba.

Da muka gama aji uku na ƙaramar sakandare, sai aka zo raba mu. Ajin kimiyya ɗaya ne a makarantarmu, kujerunsa kaɗan, kuma maza sun kusa cinye su. Sauran ɗalibai sai ajin at, wato ɓangaren adabi da tarihi. An ce wai an sha ba yarinya kujera a kimiyya ta fara, sai ta tsorata ta gudu, ko a gida a ce abin ya yi mata nauyi. Saboda haka aka kafa doka: duk yarinyar da ke son kimiyya sai ta zo da babba daga gida ya ce ya yarda, kuma ya shaida za ta iya. Namiji kuwa ba wanda ya ce ya kawo ko kakarsa. Har yau in na tuna dokar nan sai raina ya ɓaci.

Ban damu ba da farko, tunda ina da Goggo. Sai ga shi a makon ne 'yan bindiga suka tare hanyar Kaura, direbobi suka ajiye motocinsu. Babana yana Kaura Namoda da hatsin da ya kai, ba halin dawowa. Goggo ta kira a waya tana faɗa kamar ni na tare hanyar.

"Ɗiyata, ba mota. Ko mai mashin ya ƙiya. Ki ce ma uwarki ta tahi, ai ba cinye ta za a yi ba."

Na san Adda za ta je, tunda yayar mijinta ce ta ce. Abin da za ta faɗa in ta je ne ban sani ba.

Malamin lissafinmu shi ne mai raba kujerun. Mutumin Filato ne, bai daɗe da zuwa ba, mai kirki, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Sai dai jin Hausa daban, sanin cikin gidan mutane daban. Ya ba Adda kujera a ofis, ta ƙi zama, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, sannan ya tambaya.

"Mama, yarinyar nan tana son ajin kimiyya. A ganinki za ta iya?"

Adda ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango.

"Wagga? Mi tas sani? Ba ta san komi ba, Malam. Ƙiwuya dai."

Malam ya yi turus. Ya ce, "Amma ai ta ci jarrabawa da kyau."

"Sa'a dai tay yi," in ji Adda.

Da ɗan garinmu ne a kujerar nan, murmushi zai yi ya ce Allah Ya yi albarka, magana ta ƙare, don ya san uwar ɗan fari ba ta da wata amsa sai wannan. Shi kuwa baƙo ne. Ya dube ni, ya dubi Adda, na ga fuskarsa ta sauya. Ni kuma ba dama in buɗe baki in ƙaryata uwata a gaban baƙo. Daga ƙarshe ya ce in zo gobe ajin kimiyya, zai gwada ni a allo ya gani da idonsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda sai da na girma na gane shi, shi ne ni kaina na yarda da maganar. Na san al'adar sarai, a cikinta aka haife ni. Amma kaina ne ya san al'ada, kunnena bai san ta ba. Abin da ya ji kawai shi ne uwata ta ce ban san komai ba. Tun daga ofis har gida maganar ke yi min amsa-kuwwa. Na fara tambayar kaina, anya ba sa'ar ce ba kuwa? Anya Goggo ba son kai ke sa ta yaba ni ba?

Washegari na shiga ajin kimiyya. Maza ne maƙil, mata biyu rak suna can baya a takure. Malam ya rubuta lissafin nan mai layi biyu na neman x da y, irin wanda na sha warwarewa a bangon madafi tuwo yana ƙonewa. Ya miƙo min alli. Wallahi ina ɗaga hannu sai kaina ya zama fanko. Lambobin suna gabana, ina ganinsu, amma kamar ban taɓa sanin su ba. Gumi ya jiƙe min hijabi. Na rubuta layi ɗaya, na goge. Na sake rubutawa, allin ya karye ya faɗi. Sai wani daga tsakiyar aji ya ce, "Malam, a bar ta ta tahi at, can 'yan uwanta suke." Aji ya fashe da dariya.

Malam ya tsawatar musu. Ya karɓi guntun allin a hankali, ya ce da ni cikin tausayi, "Wataƙila mamanki ta fi ni sanin ki. Ranar Litinin zan ba wani kujerar." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ina isa gida na ɗebo ruwa da tsumma, na nufi madafi na hau wanke bango. Ina gogewa ina kuka, baƙin gawayi yana gangarowa ta hannuna. Adda tana tankaɗe a tsakar gida. Sai na ji ta ce, "Ke, bar bangon nan."

Ban san lokacin da na juyo ba. A rayuwata ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan.

"Ai ke kic ce ban san komi ba! Malam ya yarda, ni ma na yarda. Ya ce Litinin wani za a ba kujerata."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Sannan ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce a raina shi ke nan, ko a jikinta.

Ƙarshen makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk ƙarar mota da na ji sai in leƙa waje, ko hanya ta buɗe Goggo ta iso. Ba ta iso ba. In na tuna dariyar ajin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Adda kuwa tana ta harkokinta, sai dai na lura ita ma kwanonta yana komawa madafi da tuwo a ciki.

Ranar Litinin na wuce ajin at kai tsaye, na samu lungu na zauna. Ba a daɗe da fara darasi ba sai muka ji wata mace tana kira daga filin makaranta. Sunana ake kira, sunan yanka, ba lakabi ba. Kira na farko ban motsa ba, don ban san muryar ba. Ba wai ban san muryar uwata ba ne, ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Sai a kira na uku na gane ta. Na leƙa ta taga, sai ga Adda tsaye a tsakiyar fili da zanenta na zuwa biki, ɗalibai sun cika tagogi suna kallonta.

Na fito. Malam ma ya fito daga ajin kimiyya. Matar da ta ƙi zama a kujera a gabansa, yau ta tsaya ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, wagga ɗiyar hwari ta. Mu nan ba mu yabon ɗan hwari, kunya mukai. Abin da nic ce maka ran nan ba gaskiya na ba. Ni ban yi boko ba, ban san abin da take rubutawa ba. Amma kowace shekara in damina ta wuce ina yaɓe madahina, bango guda na ban taɓa yaɓewa ba, don kar in shahe mata aikinta." Sai ta juyo, ta sake kiran sunana, ta ce, "Ta iya. Ɗiyata ta iya."

Malam ya dafe kai, ya ce, "Mama, ki yafe ni, ban sani ba." Amma bai ba ni kujerar haka nan ba, kuma na gode masa da bai yi hakan ba. Ya koma allo ya rubuta sabon lissafi, ya fi na ran nan tsauri, ya miƙo min alli.

Ƙarya nake in na ce tsoro ya tafi. Ya ma fi na farko, don yanzu ba kujerata kaɗai ke kan allon nan ba, har da kunyar da uwata ta zubar a gaban jama'a. In na kasa, ta zubar da ita a banza. Na saci kallon taga. Adda tana nan tsaye, ta juya wa ajin baya, kunyarta ta dawo, amma ba ta tafi ba. Na ja numfashi, na ce wa kaina bangon madafi ne. Layi na farko ya fito a karkace. Na biyu ya biyo shi. Kafin in ankara na samu x, na samu y, na mayar da su cikin lissafin na gwada, suka zauna daram. Malam ya nuna wata kujera a sahun gaba, ya ce, "Je ki zauna." Ko da na sake duba taga, Adda ta riga ta kai bakin ƙofar makaranta.

Abin bai tafi mata a kyauta ba. Matan unguwa sun daɗe suna yi da ita, wai boko ya sa ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a. Da hanya ta buɗe Goggo ta iso, tun daga zaure take tsokanarta: "An ce kin zubda kunyar Hilani a hilin makaranta!" Adda ta rufe fuska ta shige ɗaki. Kuma tun daga ranar har yau ba ta sake kiran sunana ba. Na koma "ke", na koma "yarinyar can".

Yanzu injiniya ce ni, muna kafa rijiyoyin burtsatse masu sola tsakanin Kaura Namoda da Zurmi. Sau da yawa ni kaɗai ce mace a wurin aiki, kuma har gobe akwai mai tambayata ina injiniyan yake. In irin wannan ya so ya karya min gwiwa, muryar nan ta filin makaranta nake tunawa. Nakan kuma yi tunanin 'yan mata nawa ne suka iya lissafi kamar ni, ko fiye da ni, suka ajiye alli don ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce musu sun iya.

Ni ma Allah Ya ba ni 'yar fari mace. A gaban Adda ba na kiran sunanta, ina ba kunya haƙƙinta. Amma duk ranar da ta kawo min lissafinta, sai in dube ta in faɗa mata da bakina cewa ta iya. Abin da ranar nan ta koya min ke nan: yaro ba ya jin yabon da aka ɓoye masa a zuci, sai wanda ya shiga kunnensa. Adda sau ɗaya tak ta faɗa min nata, kuma shi nake ci har yau.